Hudar Kwat Ɗin Shugaba Gerlof

Allah ya yi wa ƙauyenmu na Holtermeer baiwa mai yawa. Ya ba mu ciyawar da ke cika shanu da madara, ya ba mu katangar da ta hana teku shigo mana ɗaki, sannan ya ba mu Gerlof Wijbenga. Ciyawa da katanga ba sa yabon kansu, don haka ba kowa ya san darajarsu ba. Ta Gerlof kuwa ba wanda bai sani ba, domin shi da kansa yake bi gida-gida yana sanarwa.

Shekara talatin da huɗu ya yi a hukumar ruwa. In ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse da ƙirjinsa ya tare teku duk tsawon shekarun nan. Waɗanda suka yi aiki tare da shi, 'yan baƙin ciki, cewa suke yi aikinsa buga hatimi ne a takardun masu neman izinin ɗora katako a kan kwatami. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogo da furanni. Shi kuma ya zura hatimi guda a aljihu, don kada hannunsa ya yi kewa.

Babban mutum irin wannan ba ya rasa abin da ke cinsa a rai, kuma duk mun san na Gerlof. Lambar yabo ce ta Sarki, wadda muke kira ɗan ƙyalle. Duk watan Afrilu, ana gobe bikin ranar haihuwar Sarki, magajiyar gari takan maƙala ta a ƙirjin waɗanda suka daɗe suna yi wa jama'a aiki kyauta. Ba a gaya wa mutum. Makusantansa ne ke nema masa a ɓoye, in ranar ta zo su shirga masa ƙarya, su ce zo mu je zauren gari za a ɗaura wa wane aure, ko za a karrama maƙwabcinka. Sai ya zauna ya ji an kira sunansa.

Shekara tara ke nan, duk irin wannan safiya Gerlof yakan yi aski sau biyu, ya zauna kusa da ƙofa yana jiran wanda zai yi masa ƙarya. Ba wanda ya yi. Matarsa Hiltje takan dube shi ta ce shara ta cika, ya fitar. Ya fita ya tarar da gaske ta cika. Ban taɓa ganin mutumin da gaskiya ta wahalar irinsa ba.

Shekarar da aka ba Tjibbe maƙwabcinsa lambar, saboda kawai ya yi shekara arba'in yana koya wa yara sulu a kan ƙanƙara, Gerlof ya gane inda matsalar take. Ba shi da cutar da yake yaƙa. Ya duba zuciya, ya tarar matar likitan haƙori ta riga shi. Ya duba ciwon daji, ya tarar 'yan tseren keke sun kama. Hatta bushiyoyin da mota ke takewa suna da ƙungiya mai shugaba da ma'aji. Ƙoda ce kaɗai ya ga ba ta da mai ita, sai ya ɗauke ta.

A gaskiya ƙoda tana da masu ita, ba su da takarda mai kan sarki ne kawai. Akwai Wiebe Kooistra, tsohon mai fenti, wanda ake yi wa wankin ƙoda Talata da Alhamis da Asabar, ƙarfe goma sha biyu na rana, a asibitin birni. Akwai kuma Aukje Tolsma da ke sayar da burodi a shagon bakin gada. Ita ce ke zuba Wiebe da ire-irensa a tsohuwar motarta ta kai su, ta koma ta ɗauko su, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Tafiyar minti arba'in ce, kuma injin wankin ba ya jiran kowa, don akwai mai hawa bayanka.

Gerlof ya kafa Kwamitin Tattakin Ƙoda, ya rubuta masa dokoki shafi goma sha huɗu. Ya zaɓi kansa Shugaba ba hamayya, ya ƙara wa kansa Babban Jagoran Hanya don kada muƙamin ya faɗa hannun wanda bai cancanta ba. Hiltje ta zama sakatariya. Ni aka ba ni tebur na uku a kan hanya, inda masu tattaki ke miƙo kati a buga musu hatimi. Aukje ta shigo ne don ta ji an ce ƙoda, aka rubuta ta a matsayin mai kofi. Mu dai a bayan idonsa Janar Ƙoda muke ce masa, kuma da ya ji sai ya ɗauka girmamawa ce.

Kada a ce na zalunce shi. Tattakin yana tara jama'a, yana kuma tara abin da ake aika wa asusun masu ciwon. Kilomita goma ne a kan katangar teku, duk Asabar ta biyu ga watan Maris. Abu ɗaya ne ba a taɓa gani a wurin ba cikin shekara uku, wato mai ciwon ƙoda.

A shekara ta huɗu jaridar yankinmu ta ce za ta aiko mai hoto. Nan Shugaba ya ce dole a samo marar lafiya na gaske.

"Gerlof, Asabar fa ranar wankinsu ce," in ji Aukje, tana zuba mana kofi. "Bara na faɗa, bara waccan ma na faɗa."

"Shugaba."

"To, Shugaba, Asabar ranar wankinsu ce."

"Wannan ƙaramin al'amari ne na tsari," in ji shi. "Ni da na yi shekara talatin da huɗu ina sarrafa ruwan lardi guda, ruwan jikin mutum ɗaya ne zai gagare ni? Sakatariya, rubuta wa asibiti. A ce kwamiti na buƙatar su jinkirta injin nasu da awa biyu."

Hiltje ta rubuta, shi ya buga hatimi, ita kuma ta kunna murhu da takardar. Aukje ta ce za ta kawo Wiebe in ya yarda, amma ƙarfe sha ɗaya da kwata za su tashi ko sama za ta faɗo. Ta ƙara da cewa a rage teburan ruwa, a kuma bar zancen ayaba da miyar wake mai tsiran alade a ƙarshen hanya, don duk an hana masu wankin ƙoda su. Shugaba ya yi mata murmushin da ake yi wa yaro. Ya ce kowa ya san ruwa abokin ƙoda ne, ya karanta a ƙasida, kuma ba a taɓa yin tattaki a ƙasar nan an tashi ba miyar wake ba.

Ranar ta zo da iska da yayyafi, irin na kullum. Ƙarfe goma da rabi mutane kusan ɗari uku sun taru a filin coci, da karnuka da kekunan jarirai. Shugaba ya fito da falmaran mai ƙyalli, wadda aka rubuta SHUGABA gaba da baya, don kada wanda ke binsa ya shiga duhu. Wiebe ya iso a kan kekensa, ya jingine shi, ya tarar an aro masa keken guragu daga gidan tsofaffi, har da bargo.

"Shugaba, da ƙafata fa na zo."

"Na sani. Amma jama'a ba za su gane kana shan wahala ba in kana tsaye. Zauna."

Wiebe mutum ne mai son zaman lafiya, ya zauna. Shugaba ya cika kofi da ruwa ya danƙa masa. "Sha, Wiebe! Sha don ƙodarka!"

"Rabin lita aka yanka mini a yini, kuma na riga na kashe rabinta da kofin safe. So kake in kumbura a nan?"

"To riƙe dai, don hoto."

Sannan ya hau kan akwatin da aka tanadar masa, ya ɗaga lasifika.

"Jama'ar Holtermeer! Mece ce ƙoda? Na san da yawanku ba ku taɓa tambayar kanku ba, sai da na zo. Ƙoda injin tsane ruwa ce! Yadda injinan da na kula da su suke kwashe ruwa daga gonakinku, haka ƙoda take yi a cikin cikinku. Saboda haka in na ce na yi shekara talatin da takwas ina hidimar ƙoda, ban yi ƙari ba. Ba na son yabo. Waɗanda suka san ni sun san yabo ciwon kai yake sa ni. In wata rana wasu suka ga ya dace su rubuta wa hukuma a kaina, ni ba ruwana, ba zan ma so in sani ba. Ana karɓar takardun ne kafin watan Yuli."

Daga nan ya shiga tarihin injinan tsane ruwa, tun daga masu amfani da iska. Karnuka suka kwanta. Jarirai suka yi kuka suka gaji. Aukje tana tsaye bayan keken guragun tana duban agogon coci, ni kuma ina dubanta, don na san ba ta wasa da lokacin nan. Sha ɗaya da kwata na bugawa ta taɓa kafaɗar Wiebe. Ya miƙe, ya ninke bargon, ya ajiye kofin ruwan a kan kujera, suka bi ta bayan coci zuwa mota.

Minti goma bayan haka Shugaba ya kai ƙololuwar jawabinsa. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba.

"Ku dube shi! Ku dubi bawan Allahn nan da ba ya iya ko ɗaga ƙafa! Saboda shi nake hana idona barci!"

Mutum ɗari uku suka dubi kofin ruwa zaune a keken guragu. Mai hoto ma ya duba, ya ɗauka. Hoton da ya fito a jarida ke nan ranar Litinin.

Laraba aka kira taron gaggawa. Shugaba ya buɗe doka ta tara, sakin layi na biyu, mai magana a kan barin bakin aiki ba da izini ba. Ya ce an ci amanar tattaki, an sace masa marar lafiya ana tsakiyar amfani da shi.

"Matsalarki, Aukje, ba ki san zafin abin ba. Kai mutum asibiti aikin ɗan tasi ne, kowa zai iya. Wayar da kan jama'a shi ne aiki. Ke da kike zaune da ƙodarki biyu lafiya lau, me kika sani game da sadaukarwa?"

Kowa ya shiga binciken cikin kofinsa. Ƙoda ɗaya Aukje take da ita. Ɗayar tana jikin ƙanwarta tun shekara goma sha tara da suka wuce, kuma a zaryar asibitin nan ne ta fara ɗaukar mutane a mota. Duk ƙauyen an sani, har yaran makaranta. Mu ba mu cika tona abin da ke cikin cikin mutum a bainar jama'a ba, ita ma ba ta faɗa. Gerlof kaɗai bai sani ba, domin kafin mutum ya ji labari sai ya yi shiru tukuna. Ni kam raina ya ɓaci ranar nan, amma ban kare ta ba, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

"Ka gama?" in ji Aukje. "Ga kek can a tebur, kada ya bushe."

Aka rage mata muƙami zuwa mataimakiyar mai kofi. Ba a naɗa kowa a samanta ba, don haka ita ta ci gaba da dafawa.

Farkon Afrilu Gerlof yana neman batir a durowar ɗinkin Hiltje, sai hannunsa ya faɗa kan ambulan mai tambarin zauren gari. Ya ɗaga bakinta kaɗan. Ya ga "lambar Sarki", ya ga "a riƙe sirri", ya ga kwanan wata. Bai karanta gaba ba, saboda mutum ne mai mutunta al'ada. Ya mayar da ita yadda take, ya je ya tsaya bakin taga, ya daɗe yana duban ƙauyen da a ƙarshe ya san abin da ya kamata.

Washegari ya kai kwat ɗinsa wurin tela, ya ce a buɗe masa hudar ƙirjin hagu, inda ake maƙala lamba, a gyara bakinta. Tela ya tambayi dalili, ya ce don iska ta riƙa shiga. Ya yafe wa Tjibbe, ya yafe wa jarida. Ya fara gaida mutane da ɗaga yatsa biyu kawai. Hiltje ta ce kullum da safe takan ji shi a banɗaki gaban madubi yana cewa, "Ni? Haba! Ni wa?" Wani lokaci da dafe ƙirji, wani lokaci da ja da baya taku ɗaya. Ya kuma rubuta jawabin mutumin da aka shammata, shafi shida.

Ranar ta faɗo Alhamis. Hiltje ta ajiye masa kofi ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Sa kwat ɗinka. Magajiyar gari tana son ganin kwamiti a kan izinin hanyar baɗi. Ka biya ka ɗauko Aukje, ni zan yi gaba a keke."

Gerlof ya ji daɗi har idonsa ya kawo ruwa. Shekara goma yana jira, yau matarsa ta yi masa ƙarya.

"Izinin hanya," in ji shi, yana gyaɗa kai a hankali. "To, to. Aikin jama'a ba ya ƙarewa."

Ya tarar da Aukje a ƙofar shago cikin rigar ruwanta, da gari a gefen hannu, tana riƙe da ƙunshin furanni tana ƙoƙarin ɓoye shi a bayanta. Ita an gaya mata cewa Gerlof za a ba lambar, kuma bai kamata a ce ba ta zo ba don ya rage mata muƙami. Ta shiga mota ta ce ita fa sha ɗaya da kwata za ta fita, yau ranar Wiebe ce, kuma ga shi an hana ta zuwa da motarta. Shugaba ya ga furannin ta madubi, ya yi kamar bai gani ba. Ya ce mata shi mutum ne mai yafiya, kuma ba mamaki nan gaba ya sake duba batun muƙaminta.

Zaure ya cika. Ga ƙanwar Aukje da 'ya'yanta a ɓoye can baya, ga Wiebe da taye, ga wasu tsofaffi da Gerlof bai taɓa gani ba. Ya yi mamakin yadda sunansa ya kai har ƙauyukan maƙwabta. Ya wuce layin gaba ya zauna a kujerar tsakiya, ya gyara hudar.

Magajiyar gari ta fito da sarƙar mulki a wuya. Ta sallami wani mai kula da maƙabarta da wata mai koyar da waƙa, sannan ta juya takarda.

"Bana Sarki ya tuna da masu ciwon ƙoda na ƙauyen nan."

Gerlof ya miƙe. Ya ja da baya taku ɗaya, ya dafe ƙirji, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Ni? Haba! Ni wa?"

"Ya tuna da wata tsohuwar mota," in ji magajiyar gari, tana dubansa ta saman tabarau, "wadda ta yi shekara goma sha tara tana kai su asibiti sau uku a mako. Ya tuna da mai motar, wadda kafin ta ba da lokacinta sai da ta fara ba da ƙodarta guda. Aukje Tolsma, taso."

Zauren ya ɗauka da tafi. Mu bakwai muka rubuta takardun goyon baya tun bazarar bara, Wiebe ne ya jagoranta, Hiltje ta buga su a na'ura. Aukje ta yi jajir, ta waiwaya tana hararar mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku dai ba ku da aikin yi," in ji ta. "Wa ke tsaron shago?"

Gerlof yana nan tsaye, hannu a ƙirji, ya rasa yadda ake komawa zaune. Ya sunkuya wajen matarsa. "Guda? Ƙodarta guda?"

"Guda. Zauna, kana tare wa mutane."

Ya dubi furannin da ke hannun Aukje. "Kin ce mata ni za a ba?"

"To da wa za mu yaudare ta in ba da kai ba? Duk ƙauyen nan kai kaɗai ne za a ce za a ba lamba ba wanda zai tambayi daga ina zancen ya fito."

Magajiyar gari ta gama maƙala lambar, ta kuma gode wa Shugaban Tattaki a gaban kowa, saboda kawo baƙuwar a kan lokaci. Aka sake tafi, wannan karon nasa ne shi kaɗai. Aukje ta sauko har yanzu da furannin a hannu, ta rasa yadda za ta yi da su. Ba mai riƙo ba ce. Ta tsinke guda ta zo gabansa.

"Naka ne dama, Shugaba. A'a, ga ma rami a shirye." Ta soka masa a hudar.

Sai ta ɗaga kai ta ga agogon bango, sha ɗaya da minti goma. Ta fara laluben maɓallin rigar ruwanta tana kiran Wiebe. Hiltje ta riƙe mata hannu.

"Ke yau ba inda za ki. Ga kek, ga mai hoto, ga ƙanwarki tana kuka. An shirya wannan tun tuni. Gerlof zai kai shi, ai aikin ɗan tasi ne, kowa zai iya."

Na raka su har mota, don Wiebe ya ce in zo in riƙe masa jaka, amma na san shaida yake nema. Na zauna a baya. Shugaba ya tayar da mota, fure a ƙirji, jawabi shafi shida yana leƙowa daga aljihu. Muka wuce coci, muka wuce filin da ya yi shekara huɗu yana wayar da kan jama'a, muka haye gada. A mararrabar bakin gari ya taka birki. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama. Wata motar madara ta fara yi mana ham daga baya.

Wiebe ya dubi agogonsa, ya gyara zama.

"Hagu, Shugaba," in ji shi. "Asibitin yana hagu."